Tulun da Aka Kai wa Uwar Murhu

Raɓa ta jiƙa ko'ina a kan Kurman Dutse da safen nan, ban da wani wuri mai faɗin tabarma. Yalwa ta lura da shi tun daga nesa, domin ƙadangarun dutsen duk sun taru a nan sun baje ciki, alhali rana ba ta gama fitowa ba. Da ta matso sai ta ga tsaga ce ta ratsa falalen dutsen, baƙa wuluk, ɗumi na fitowa daga cikinta kamar numfashin saniya. A bakin tsagar ga gudumar yayanta Tunau, ga takalminsa ƙafa ɗaya, ga wani tulu a jingine da sauran ruwa wajen rabi.

Tunau masassaƙin dutsen niƙa ne, sana'ar da ya gada. Yadda ake ɗaye falale kuwa kowa ya sani a garin. A hura wuta a kan dutse har ya yi zafi, a lulluɓe shi da toka, a tafi gida. Dutse zai huce da kansa, ya ɗago fatarsa da kansa. Ba a zuba masa ruwa. Tunau ko yawu ba ya tofawa kusa da wutarsa.

Yalwa ta duƙa ta dubi tulun. A wuyansa akwai zanen ƙafar kaza, alamar da maginiyar tukwane ke yi wa kayan gidan Mai-unguwa Barau kaɗai. Ta kuma san Mai-unguwa ya matsa wa Tunau lamba a kan falalen nan, yana son a shimfiɗa shi a kan kwatar da ke ƙofar gidansa kafin baƙinsa su iso daga birni.

Tana nan duƙe sai ga Mai-unguwan da kansa ya hawo, maza na biye da shi da kwandunan ƙasa.

"Gaggawarsa ce ta ja masa," in ji shi, bai ko dube ta ba. "Ya kasa haƙuri ya kwara ruwa, dutse ya buɗe ya haɗiye shi. Allah ya jiƙansa. Ku zuba ƙasa ku toshe ramin nan kafin awaki su fara faɗawa."

Yalwa mace ce marar ɗaga murya. Ko a gidan biki bakin ƙofa take zama. Amma a daidai lokacin ta jiwo tari daga can ƙasa, tarin nan na Tunau mai kama da haushin ɗan kwikwiyo, sai ta ji kunnuwanta sun yi zafi.

"Baba Mai-unguwa, yana da rai. Ba ku ji ba?"

"Iska ce."

"To tulun nan fa, na wane gida ne?"

"Tulu ai tulu ne. Ke tafi gida, nan ba wurin mata ba ne."

Ta dubi mazan. Babu ɗayansu da ba a cikin dutsen Tunau ake niƙa hatsin gidansa ba. Duk suka sunkuyar da kai suna kallon kwandunansu.

"Awaki," in ji Yalwa. "Mutum na tari a ƙarƙashin ƙafafunku, ku kuna tausayin awaki."

Ta ɗebi tokar wutar Tunau ta shafa a goshi da tafin hannu, yadda ta saba ganin yana yi kafin ya taɓa dutse. Ta naɗa gammo, ta ɗora tulun a ka, don kada a ɓoye shi bayanta. Mai-unguwa ya ce in ta shiga ba za su jira ta ba. Ita kuwa ta zura ƙafa cikin tsagar.

Tsagar ta yi ta gangarawa da ita, nan ƙunci nan faɗi, har hasken sama ya koma kamar bakin rijiya, daga nan kamar ƙwayar gero. Da farko sanyi ta ji. Can sai bango ya fara ɗumi, ya yi zafi, ya soma ba da jan haske na kansa. Gumi ya bushe a jikinta kafin ya gangaro. Tokar goshinta kuwa ta yi sanyi kamar an ɗora mata randa.

Ta ɓulla wani fili da ba ta ga iyakarsa ba. Ƙasansa ja zur kamar ƙarfe a maƙera, amma da tauri. Wasu ƙatti na tsaye jere, kafaɗunsu tokare da rufin wurin, ƙafafunsu danne da jan dutsen. Na kusa da hanya ya juyo da ido ɗaya ya dube ta, bai motsa wuya ba.

"Salamu alaikum, ya ma'abucin wannan wuri."

"Wa alaikis salamu, 'yar Adam mai toka a goshi. Ba don tokar nan ba, da kin zama hayaƙi tun a ƙofa. Ni ne Danno. Me ya sauko da ke inda ba a gayyace ki ba?"

"Ɗan'uwana kuka ɗauke ba da laifinsa ba. Na zo in tafi da shi."

"Wannan shari'ar shugabarmu Uwar Murhu ce. Ni aikina danniya. Dutsen nan da kike gani ya yi zafin da ya isa ya narke tun kafin a haifi kakan kakanki. Nauyin da muke saukar masa daga sama ne ya hana shi sakin jiki. Duba."

Ya ɗaga diddigensa kaɗan. Nan take dutsen ƙarƙashi ya yi gumi, jajayen ɗigo suka tsattsafo, suka haɗu, suka fara neman hanyar sama, domin sun fi uwarsu rashin nauyi. Ya mayar da ƙafa, wurin ya sake daskarewa.

"Hanya tsakanin ƙafafuna take," in ji Danno. "Amma maƙogwarona ya bushe. Miƙo mini ruwan tulun nan, ki wuce."

Yalwa ma ƙishi take ji, harshenta kamar busasshiyar fata. Ta riƙe tulun da hannu biyu.

"Ku ɗauke mini yaya, kuma ni in shayar da ku? Wallahi ko ɗigo."

Danno ya yi dariya har rufin ya girgiza.

"Gara da kika hana, mai rowa. Dutse mai zafi irin wannan, in ruwa ya ratsa cikinsa, danniyarmu ba ta da sauran amfani. Da ɗigo ya kuɓuce, da ni da ke mun nutse tare. Wuce."

Ta sunkuya ta wuce, tana tallafe da tulun.

Gaba kaɗan ta shiga wani zaure mai shiru. Tukwane ne a ciki, kowace ta fi garinsu girma, a rufe ruf. Tsofaffin aljanu mata na zaune kewaye da su, ba mai fifita, ba mai juyawa, magana ma da raɗa suke yi. Wata mai farin gashi har ƙasa ta yafuto ta, ta ɗan zame murfin wata tukunya. Yalwa ta leƙa. A cikin narkakken dutsen wasu ƙwayoyi na girma a hankali, farare, da masu ruwan hoda, da baƙaƙe masu ƙyalli, kowace na matsa wa 'yar'uwarta har suna sarƙewa. Ta gane su. Su ne ƙwayoyin da ke jikin dutsen niƙan gidansu, waɗanda take bi da yatsa tun tana yarinya.

"Haka ake girkin dutse," in ji tsohuwar. "Ya huce a ɓoye, ƙasa na lulluɓe da shi, ba mai hanzarta shi. Gwargwadon jinkiri, gwargwadon girman ƙwaya. Kurman Dutsenku ma a nan muka dafa shi. Ya huce, ruwa da iska suka share ƙasar da ke kansa, kuka gan shi a fili kuka ce naku ne. Zo ki ga aikinku."

Ta ja Yalwa zuwa wata tukunya a ƙarshen zauren, daidai ƙarƙashin tsagar. Sanyin sama ya sauko ya bugi fuskarta, ta daskare ta zama baƙi sumul kamar kwalba, babu ƙwaya ko ɗaya.

"Tun kafin a san mutum a doron ƙasa nake lallaɓa wannan," in ji tsohuwar, raɗar tata ta koma huci. "Ban taɓa yin atishawa kusa da ita ba. Wani marar kunya ya zo ya lalata mini ita da tulun ruwa, a safiya ɗaya!"

"Iya, ni ma shi nake ƙara," in ji Yalwa. "Amma ba shi kuka kama ba."

Tsohuwar ta dube ta sama da ƙasa, ta nuna mata wata ƙofa da haɓa.

Bayan ƙofar tafki ne na narkakken dutse, yana juyawa a hankali kamar tuwo kafin a tuƙe shi, yana fitar da kumfa da warin ruɓaɓɓen ƙwai. A bakinsa Uwar Murhu na zaune a kan kujera 'yar tsuguno, riƙe da muciya mai tsawon giginya. Gashinta toka ne, idanunta garwashi. A gefenta akwai bango ja, da 'yar kafa a jikinsa, ta nan Yalwa ta hango idon Tunau.

"Yalwa! Ke ce? Wa ya ce ki zo? Koma!"

"Yi shiru, Yaya."

Ta durƙusa ba ta sauke tulun ba.

"Ranki ya daɗe, Uwar Murhu. Na zo neman hakki."

"Hakki?" Muryar ta fito daga ƙasa kamar rugugin hadari. "An ɓata mana girki, an fasa mana rufi, kuma ke ce mai neman hakki? Dokarmu ɗaya ce, 'yar Adam. Wanda ya hura wuta, girkin nasa ne. Wannan ya hura, zai zauna a nan har tafkin nan ya huce."

"Yaushe zai huce?"

"Bayan an manta sunan garinku."

Yalwa ta ji abin da ya taso mata a bakin tsaga ya sake tasowa, har ya fi.

"Ranki ya daɗe, ke ma mai girki ce. In kin ɗora tukunya kin juya baya, wani ya shigo ya watsa mata ƙasa, ke za a kama? Yayana ya hura wuta, ya rufa toka, ya yi duk yadda iyayenmu suka yi alkawari da ku. A sama an ɗora masa laifi don ba shi da rawani. Na sauko nan ina zaton ku da kuke da haƙurin jiran dutse ya huce za ku yi haƙurin tambayar wanda ya yi ɓarna. Ashe ku ma na kusa da hannu kuka cafke. Me ya raba ku da Mai-unguwa?"

Tafkin ya yi wani irin tsalle. Tunau ya ce, "Innalillahi, yarinyar nan za ta kashe mu." Uwar Murhu ta daina juya muciya.

"Ba a taɓa kwatanta ni da mai rawani ba," in ji ta. "Mu ba mu san fuskokinku ba, duk ɗaya kuke a idonmu. Hannu muke sani."

"To ga tulun. Ki duba hannun da ya riƙe shi."

Uwar Murhu ta sunkuyo ta shinshini wuyan tulun, zafinta ya ƙona bakin gammon. Ta daɗe tana shinshinawa.

"Hannunki na nan, mai toka. Akwai wani a ƙarƙashinsa, mai ƙanshin turare da goro. Bai taɓa riƙe guduma ba." Ta miƙe zaune. "Kin yi gaskiya. Amma bangon nan na riga na gina shi, ni kuwa ba na rushe ginina. In kin iya buɗe shi ba da wuta ba, ba da guduma ba, ɗauki ɗan'uwanki."

"Wato kin san ba shi da laifi, amma ni zan gyara kuskurenki?"

"Haka na ce."

Yalwa ta tashi ta je gaban bangon. Ja ne kamar filin Danno, da tauri kamarsa. Ta tsaya tana kallonsa, sai ta ga siraran jijiyoyi sun ratsa shi, irin na bayan hannun tsoho. Maganar ƙaton nan ta faɗo mata. Ta sauke tulun, ta karkata shi a kan jijiya mafi girma, ta fara ɗiga ruwan kaɗan-kaɗan.

Ruwan bai tashi tururi ba. Bangon ya tsotse shi. Ta ci gaba da ɗigawa, ƙishi na yankar maƙogwaronta, tana kallon ruwan da za ta iya sha yana shigewa dutse. Can sai bangon ya fara gumi. Fari-farin cikinsa ne ya soma narkewa, yana zuba kamar man shanu a cikin tuwo mai zafi, baƙi-baƙin ya tsaya a tsaye babu abin da ke riƙe da shi. Da ɗigon ƙarshe ya faɗi, sai ya ruguje kamar tsohuwar katanga a damina. Tunau ya fito yana tari, ƙafa ɗaya ba takalmi. Ta shafa masa sauran tokar tafinta a goshi.

Uwar Murhu ba ta ce madalla ba. Ta ɗauki tulun, ta tsoma muciya a tafkin, ta cika shi, ta liƙe bakinsa da murfin dutse.

"Mayar wa mai shi da kayansa. Kada ki buɗe sai hanya ta ƙare miki. Akwai iska narke a cikinsa, murfin ne kawai ke danne ta. Kuma ku ji da kyau: jikinku ya sha zafin nan. Ku hau a hankali, ku huce a hanya. Wanda ya taso daga nan a guje, sanyin sama zai same shi ya daskare."

Suka kama hanya. Tulun ya yi nauyin da sai da suka riƙa karɓa-karɓa. Suka wuce zauren tsofaffi, suka ratsa ƙafafun Danno, suka shiga tsagar. A wani lungu suka ga siffar mutum ta baƙar kwalba, ƙafa ɗaya a ɗage, baki a buɗe. Gaba kaɗan ga wata, da sandar kiwo a hannu.

Sai suka fara jin tim, tim daga sama. Ƙasa ta soma zubo musu a ka. Ƙwayar hasken nan da ke can nesa ta ragu.

"Toshewa suke yi!" in ji Tunau. "Yalwa, ajiye tulun nan mu ruga!"

Ta damƙe rigarsa ta baya.

"Ba ka ga makiyayin nan ba?"

"In sun rufe fa? Mu mutu a nan kamar gafiya?"

"Yaya, kai da kake kwana kana jiran dutse ya huce, yau kai ne mai gaggawa? Taka a hankali."

Suka ci gaba da hawa kamar masu rakiyar tsohuwa, suna ji ana binne su. Yalwa na jin muryoyin mazan garin, har tana gane mai kowace murya. Wani ma dariya yake yi. Hawaye ya zubo mata, wannan karon bai bushe ba, ta gane jikinta ya fara hucewa. Hasken ya koma kamar bakin allura, ya ɗauke.

Da suka iso sama, sai ƙasa da duwatsu cunkushe a kansu. Tunau ya sa kafaɗa ya tura, ko motsi. Suka saurara. Babu murya, mazan sun gama sun sauka.

Yalwa ta girke tulun daidai ƙarƙashin toshiyar. Ta tura Tunau bayan wani ƙusurwar dutse, ta kama murfin da hannunta mai toka, ta murɗa, ta fizge, ta faɗa kan yayanta.

Abin cikin tulun ya kumbura kamar nono a kan wuta, ya yi kumfa, ya yi ƙara ɗaya da ta toshe musu kunne. Da ƙura ta lafa sai ga sararin sama.

Suka fito da hantsi. Wasu duwatsu masu ƙofofi kamar soso na ta faɗowa a gangaren dutsen, marasa nauyi. Waɗanda suka faɗa kududdufin bakin gari suka ƙi nutsewa, suna yawo a kan ruwa, yara na ihu suna nuna su. Daga tulun ba abin da ya rage sai wuyansa, an yi masa baƙar kwalba a ciki, zanen ƙafar kazar na nan raɗau. Yalwa ta ɗauke shi. Tunau ya tsaya dube-dube.

"Har takalmin nawa suka binne?"

A gindin tsamiyar da ke fuskantar gidan Mai-unguwa an shimfiɗa tabarmi, an zauna karɓar gaisuwa. Ƙarar ta tayar da mutane tsaye, amma ba su watse ba. Da suka hango Tunau tafe, fari fat da toka, ƙanwarsa a gaba, wasu suka ja da baya suna salati, wasu suka rungume shi. Mai-unguwa kaɗai ke zaune.

Yalwa ba ta tsaya a bakin tabarma ba yadda ta saba. Ta taka har tsakiya, ta durƙusa, ta ajiye wuyan tulun a gabansa.

"Baba Mai-unguwa, an ce in mayar wa mai shi. An ce hannun da ya zuba ruwan yana ƙanshin turare da goro, bai taɓa riƙe guduma ba." Ta juya ga mazan. "Ku kuma na ji muryoyinku. Kawu Shekarau, kai ne mai dariya."

Kawu Shekarau ya rufe fuska da hula. Liman, tsoho mai gani da ido ɗaya, ya miƙa sandarsa ya juya wuyan tulun har zanen ya fuskanci jama'a.

"Barau, wannan ba daga zaurenka ya fito ba?"

Mai-unguwa ya dubi zanen. Ya dubi ƙafar Tunau marar takalmi, duk ta tsage. Ya tuttuɗe goron da ke bakinsa a tafin hannu, ya miƙe, ya tattare babbar rigarsa. Ba wanda ya raka shi. A ƙofar gidansa kwatar na nan yadda take, babu falale a kanta. Ya tsaya kaɗan, ya zura ƙafa cikin baƙin ruwan, ya haura, ya shige.